Mayar da kuɗi cikin kwana 14, ko in an saya an saya?

Mai sayar da ƙananan manhajojin WordPress (manhajar gina shafukan intanet) daga Gusau yana da zaɓi biyu.

Na farko, babu mayar da kuɗi. Hujjar tana da ƙarfi, domin manhaja ba turmin atamfa ba ce: wanda ya sauke ta, kwafi na nan a kwamfutarsa. Sai dai wanda ta ƙi yi wa aiki zai kai ƙara banki, a janye kuɗin, sunanka ya ɓaci.

Na biyu, ka ba shi kwana 14. In ya nema, ka mayar masa da kuɗinsa ta Paystack (kamfanin karɓar kuɗi ta intanet), ka kashe lambar lasisinsa, sabuntawa ta tsaya. Macuta ba za a rasa ba, amma ni wannan na fi so, muddin sharaɗin na rubuce ɓaro-ɓaro kusa da maɓallin biya.