Jar giyar Faransa da zobonmu na gida

Abin da ya fi girgiza baƙo a kudancin Faransa shi ne ranar da mai kawo abinci ya gaya masa cewa miyar naman shanun da ke ƙamshi a teburin kusa ta sha kwalbar giya guda cur. Bœuf bourguignon ke nan: nama kilo ɗaya da rabi, jar giyar inabi santilita 75, ga kuma 'yan gutsattsarin naman alade. Dahuwar awa biyu ko uku ba ta ƙone barasar gaba ɗaya, duk abin da za a ce muku. Cassoulet, abincin birnin Tulus, kuwa farin wake ne da agwagwa, amma da tsiran alade da fatarsa a ciki. 'Yan uwa, ku tambaya kafin ku sa cokali.

Duk da haka, dole a yaba musu sanin abin da suke yi. Giyar yankin Cahors, wadda doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari na inabinta ya zama nau'in Malbec, da ta yankin Madiran mai inabi nau'in Tannat, bauri gare su irin na ɗanyen goro. Wannan baurin da ɗan tsami su ke wanke maiƙon agwagwa daga harshe, sai loma ta gaba ta shiga kamar ta farko. Kowace kwalba da sunan yankinta da shekararta.

Mu ma muna da abin da ke wannan aikin, halal kuma: zobo. A unguwar Château-Rouge ta Paris ana sayar da shi da sunan bissap, zobon da ake lodawa buhu-buhu a Maigatari ana kai wa har Meziko. A gida sai mu kashe shi da sukari da filebo, mu ɗura a tsohuwar robar ruwa, ba mai tambayar daga wace gona ya fito. Abin na ci mini rai.

Ga yadda zai maye gurbin giya a tukunya. A jiƙa busasshen zobo giram 20 a tafasasshen ruwa rabin lita, minti 10, a tace. A soya naman kafaɗa kaɗan-kaɗan har ya yi ja. In aka cika tukunya ruwa zai fitar, ba zai soyu ba. A sa albasa, karas, tafarnuwa, fulawa cokali biyu, sannan zobon da romon ƙashi rabin lita, a rage wuta sosai awa uku. Kada a yi a tukunyar alminiyam, tsamin na cin ta ya bar ɗanɗanon ƙarfe. Kada a sa kanwa, za ta dusashe jan ta kashe tsamin da ake nema. Lemon inabi na kwali ma ba ya yi, zaƙinsa kama gindin tukunya yake.

A ƙara jiƙa wani zobon a sha shi da sanyi a gefen abincin, ba sukari, ko da ɗan kanumfari kawai.