Power BI, Looker ko Tableau: wanne zai raba ka da maimaita aiki?

Mai tallan manhajar nazarin bayanan kasuwanci zai fara nuna maka zane-zane masu launi, kuma kyan gani kam duk suna da shi. Abin da za ka tambaye shi shi ne: in na fayyace ma'anar "riba" sau ɗaya, a ina za ta zauna, kuma rahoton watan gobe zai ɗauko ta da kansa? Rashin warware wannan ne ke sa sashen ciniki da na kuɗi su zo taro da adadi biyu, kowa na rantsuwa nasa ne daidai.

Power BI na Microsoft, wanda ya fito a 2015, ya fi sauƙin kamawa ga wanda ya saba da Excel. Power Query, sashensa na shirya bayanai, yana riƙe duk matakin da ka bi wajen gyara bayanai, in sabon fayil ya zo sai ya bi sawu ɗaya. Lissafin da aka rubuta da DAX, harshen lissafin Power BI, kuma rahotanni da yawa na iya dogara da shi. Lasisin Pro dala 14 ne a wata ga mutum ɗaya tun Afrilun 2025, yana sabunta bayanai da kansa har sau 8 a rana. Matsalarsa sauƙin nan nasa ne: kowa na gina nasa, kafin shekara ka tarar da kwafi goma na lissafi guda.

A nan Looker, da Google ya saya kan dala biliyan 2.6, ya yi musu fintinkau. Da harshensa LookML ake rubuta ma'anar kowane ma'auni, a ajiye a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canje, duk canji a san wanda ya yi shi da ranar. Sai dai ba ya tafiya sai da gwanin SQL (harshen da ake ciro bayanai daga rumbu da shi) a gida, farashinsa kuma sai an zauna ciniki.

Tableau, wanda Salesforce ya mallaka tun 2019, gwanin zane ne, amma sai kun horar da kanku kowa ya sha daga rijiya ɗaya, wato lissafi guda. Akwai kuma wasu manhajoji irinsu, Metabase da Apache Superset, da ake samu kyauta. Kuɗin sabar, wato kwamfutar da za a ɗora su a kai, da na mai kula da ita suna wuyanka, ga mai biya da naira kuwa rashin lasisin dala ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ni dai ga ƙaramin kamfani Power BI zan zaɓa, a damƙa wa mutum ɗaya amanar lissafin. Kafin ka sa hannu, ka ba mai tallan fayil ɗin watan jiya ya gina rahoto, sannan ka miƙa masa na wannan watan, ka ƙirga wuraren da ya taɓa da hannu.