Kafin Makaranta Ta Sayi Darussan Intanet: SCORM, xAPI ko LTI?

Duk makarantar da ke shirin sayen darussan intanet, ko dandalin da za ta ɗora su a kai, ya kamata ta fara da tambayar da dillalai ba sa son ji: idan gobe muka bar wannan dandali, darussanmu za su biyo mu ko za su maƙale a can? Amsar ta dogara ne da ƙa'idar da aka gina darussan a kanta, wato tsarin fasahar da ke sa darasi ya yi aiki a dandali, irin su SCORM, xAPI da LTI.

SCORM ne dattijo a wannan fage. Shirin ADL na ma'aikatar tsaron Amurka ne ya samar da shi, kuma sigarsa ta 1.2 ta fito tun 2001. Ana ƙunshe darasi cikin fayil guda, a loda shi a dandalin koyarwa irin su Moodle ko Blackboard, shi kuma ya riƙa sanar da dandalin makin ɗalibi da ko ya kammala. Aibinsa shi ne kowace makaranta tana riƙe da kwafinta, don haka gyaran kuskuren jimla ɗaya sai an sake rarraba fayil ga kowa. Wanda ke amfani da Moodle ya nemi sigar 1.2, domin dandalin bai ɗauki SCORM 2004 gaba ɗaya ba.

xAPI, wanda ya fito a 2013, yana buƙatar rumbun bayanai na musamman da zai riƙa adana abin da ɗalibi ya yi, kuma ya fi dacewa da manyan kamfanonin da ke horar da ma'aikata. Wata ƙa'idar mai suna Common Cartridge kuwa akwatin ƙaura ne kawai, na kwashe darussa daga wani dandali zuwa wani.

Ni dai LTI 1.3 nake ba da shawara a nema. Ƙungiyar 1EdTech, wadda kafin 2022 ake kira IMS Global, ita ce ke kula da shi, kuma wannan siga ta fito a 2019. A nan ba a kwafar komai, darasin yana zaune a sabar mai shi, wato kwamfutar da yake ajiye shi a intanet, dandalin makaranta ne ke tura ɗalibi can ta amintacciyar hanya ba tare da ya sake shigar da kalmar sirri ba. Malama za ta zaɓo babi na uku kaɗai ta saka a mako na biyar na kwas ɗinta, ɗalibi ya amsa gwaji, makinsa ya dawo cikin littafin makin makarantar da kansa. Idan marubucin ya gyara darasin da safe, duk makarantun da ke amfani da shi za su ga gyaran nan take. Moodle ma yana iya bayar da kwas ɗinsa ga wani dandali ta wannan hanya, ke nan kwalejoji biyu za su iya yin tarayya a kwas guda. Sharaɗinsa dai intanet mai ɗorewa. Inda sabis ke yawan ɗaukewa, SCORM 1.2 da ake saukewa a manhajar Moodle ta waya yana da ranarsa.

Sai a yi hattara da masu cika baki. Wani dillali ya taɓa rantse mana cewa kayansa suna aiki da LTI, ashe tsohuwar siga ta 1.1 yake nufi, wadda ƙungiyar ta daina goyon baya saboda raunin tsaronta, kuma makin ɗalibai bai taɓa dawowa ba, sai da malamai suka zauna suna kwafewa da hannu. Tambarin da ke jikin takardar talla ba shaida ba ne, a duba sunan kayan da sigarsu a jerin waɗanda 1EdTech ta tantance. Akwai kuma masu sayar da fayil ɗin SCORM wanda ba darasi a cikinsa, sai mahaɗin da ke kai ɗalibi sabarsu, ranar da kwangila ta ƙare shafin ya koma fari fat. A buɗe fayil ɗin a gani ko bidiyo da tambayoyin suna ciki. Kada a yarda da gwaji a dandalin dillali, a yi shi a na makaranta da asusun ɗalibi na gaske, kuma a rubuta cikin kwangila cewa za a miƙa darussa da makin ɗalibai idan an rabu, kafin a biya ko kwabo.