Yaya, a dakata da zancen tayil ɗin ɗakin Inna

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya mutanen Ƙofar Marusa, ya kuma ƙafar Inna? Na ga hotunan tayil ɗin da ka turo mani, masu ƙyalli kamar madubi, kuma na san son kyautata mata ne ya sa idonka ya tsaya a kansu. Amma don Allah kada a saya tukuna.

Shekara 4 ke nan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan Lesta, ƙasar Ingila, kuma abin da na fi tsoro a aikin nan shi ne faɗuwa. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wurinta, da ƙarfinta, ita ke dafa shayinta. Rana ɗaya ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. An yi mata aiki, amma har yau ba ta koma yadda take ba. Inna kuwa sau biyar take taɓa ruwa don alwala, ta asuba ma cikin duhu. Jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan tayil mai santsi, ni dai gabana faɗuwa yake idan na tuna.

A nan, idan tsoho ya fara rauni, ƙaramar hukuma ke turo ma'aikaci ya duba gidan kyauta. Zai sa mutum ya zauna a gado ya tashi, ya shiga bayi ya fito, yana kallon inda yake dafa bango. Duk gyaran da bai kai fam 1,000 ba, kamar ƙarfen dafawa, hukuma ke yi ba a karɓi ko kwabo ba. Babban aiki, irin kujerar lantarki mai hawa da mutum bene, akwai tallafin da kan kai fam 30,000, amma sai an duba samun mutum, kuma layin jira na da tsawo. Wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta mashi. Wannan kam sun yi mana nisa, ba na musu.

To amma da na lura, yawancin kuɗin nan ana kashe su ne wajen gyara matsalar da gidanmu ba shi da ita. Gidajensu benaye ne masu ƙunci, ɗakin kwana da wurin wanka a sama, matakala a miƙe. Na san tsofaffin da aka sauko masu da gado falo, sun yi shekaru ba su ga saman gidansu ba. Gidan da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa, daga zaure har ɗakin Inna a ƙasa yake, ga tsakar gida, ga inuwar bedi. Shi ya sa da ka ce a rushe sashenta a ɗora bene, na kasa barci.

Kayan da suke sayarwa kuma ba wani abin mamaki ba ne. Ƙarfen dafawa bututu ne da aka lanƙwasa, mai walda na bakin titi zai yi shi a wuni ɗaya, alhali a nan sai ka yi kwanaki kana jiran mai aikin famfo, zuwansa kawai kuɗi ne. A kafa ɗaya kusa da masai, ɗaya a wurin wanka, a binne su cikin siminti sosai, kada a yi aikin da zai ɓalle ranar da ta jingina. Tsugunno ya fi ƙarfin gwiwarta yanzu, a sa mata masai na zama. Nan har wani abu suke ɗorawa a kai mai ƙara tsawon inci 2 zuwa 4, mu birkila zai ɗaga ƙasan tun wajen gini. A yi mata dakalin alwala da famfo a gabansa, ta daina sunkuyawa ɗaukar buta. Ƙasa kuwa a bar ta da daɓen siminti mai kaushi, ko a nemo tayil marar santsi, ka jiƙa shi a shagon ka taka da ƙafarka kafin ka biya. Dokin ƙofar ɗakinta da aka ɗaga saboda ruwan damina, a kwantar da shi ya zama gangare, a gyara kwata. Tsohuwar ledar nan da bakinta ya naɗe a fitar da ita.

Gado: idan ta zauna a bakinsa, tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa. Kafinta ya auna da ita, ba da kansa ba.

Su sanyi ke wahalar da tsofaffinsu, mu zafin bazara ne. Kuɗin tayil ɗin nan gara a sa su a ƙaramar sola da batir, wadda za ta riƙe fanka ɗaya da ƙwai biyu, ɗaya a ɗaki, ɗaya a hanyar banɗaki, makunnin kusa da kan gado.

Akwai wani ɗan maɓalli da tsofaffin nan ke ratayawa a wuya, ana biya duk wata. In mutum ya faɗi sai ya danna, wani ya amsa daga ofis. Abu ne mai amfani, amma kaɗaici ne ya kawo shi. Nakan shiga gida na yi minti 30, na ba da magani na fita, kuma ni kaɗai ce fuskar da mai gidan zai gani ran nan. Wani ya taɓa riƙe mani hannu a bakin ƙofa yana roƙon in ƙara minti biyar. Na fita ina hawaye, ina tuna yadda maƙwabta ke cika ɗakin Inna bayan la'asar. Don haka kada a mayar da ita sabon gidanka na bayan gari, komai kyansa. A bar ta a unguwarta, ɗaya daga cikin jikokinta mata ta riƙa kwana a ɗakin. Zan aiko da ƙararrawa mai batir, maɓallin a gefen gadonta, mai ƙarar a ɗakin Anti.

Kafin a taɓa komai, ka zauna da Inna ka tambaye ta inda take shan wahala, ɗakinta ne. Sannan ka auno mani faɗin ƙofar banɗakin, ka kuma ji abin da mai walda da birkila za su ce, in turo kasona ƙarshen wata in sha Allahu. A gaishe ta da kyau, a ce zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.