Sharhi kan set na Python wajen zaƙulo bayanan da suka yi tarayya

Ga mai shirya manhaja a Kaduna da aka ba shi jerin lambobin wayar abokan ciniki daga shaguna uku, a Kawo da Tudun Wada da Kasuwar Barci, domin ya fitar da waɗanda suke cikin kowane jeri, set, wato wani ma'ajin bayanai a harshen shirya manhaja na Python, ya cancanci yabo. Yana mayar da kowane bayani zuwa wata lamba da ake kira hash, kuma lambar ce take nuna gurbin da aka ajiye shi, saboda haka ba sai an bi jerin tun daga farko ana gwada bayani da bayani ba. Umarnin intersection, wanda ke fitar da bayanan da suka yi tarayya, yana karɓar jeri da yawa a lokaci guda, ko da masu fitar da bayanai ɗaya bayan ɗaya ne, alhali alamar & da ita ma ke yin wannan aikin ba ta yarda sai ɓangarorin biyu duk set ne.

Sai dai yana da naƙasu. Ba ya kiyaye tsarin da bayanai suka zo da shi, kuma yana watsar da maimaici, don haka mai son sanin sau nawa lamba ta bayyana gara ya koma ga Counter, wani kayan aikin Python da ke ƙirga maimaici. Set yana ƙin karɓar list (jerin da ake iya sauyawa) a cikinsa, sai an mayar da shi tuple (jerin da ba a iya sauyawa). Abin da ya fi damuna shi ne lambar da ta fara da 0803 da wadda ta fara da +234803, domin a wurinsa mutane biyu ne daban, matuƙar ba a daidaita rubutunsu tun farko ba.