Hattara da masu buga ƙofa su ce sun zo duba katakon bene

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila, musamman na Manchester da kewaye. Abin da ya same ni zan ba ku labari, kafin ya faɗa kan wani.

Gidanmu irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da ke jere, bango ɗaya da maƙwabci. Kun san nan ba irin gininmu na can gida ba ne da ake zuba siminti a bene. Katako ne aka shimfiɗa a kan wasu manyan katakai, kamar yadda ake jera azara a soro. Namu kuwa da ka taka sai ƙiii, ƙiii. In na tashi sallar asuba, kafin in kai banɗaki jariri ya farka, maman yara ta bi ni da harara.

Wata Asabar sai ga wani mutum da farar mota da rigar aiki, wai yana aiki a layin bayanmu, kuma yana duba benaye kyauta. Kalmar kyautar nan ce ta ja ni. Ya hau sama, ya yaye kafet, ya ɓamɓare katako ɗaya, ya haska tocila. Can ya zura hannu ya fito da garin katako cike da tafinsa, yana girgiza kai. Ya ce tsutsar katako ta gama cinye azarorin, in ba a yi da gaggawa ba wata rana gadon yara zai rufto falo da su a kai. Wane uba ne zai ji haka ya tsaya dogon tunani? Ya yanka min fam 4,200, amma in na ba da kafin alƙalami a ranar, tsabar kuɗi, zai yi min ragi. Na ƙirga masa fam 1,800.

Ran Litinin suka zo su biyu, suka ɓalle rabin katakon ɗakin yara, suka ce bari su je sayo kaya. Yau mako biyar ke nan. Lambarsa a kashe. Takardar da ya ba ni tana da sunan kamfani har da Ltd a ƙarshe, amma da na duba shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, wanda kowa zai iya dubawa kyauta, babu kamfanin babu alamarsa.

Kafintan gaskiya da na samo daga baya ya ce azarorin lafiyarsu ƙalau. Ya nuna min cewa inda tsutsa ta ci, za ka ga 'yan ƙananan huji, milimita 1 zuwa 2, kamar an soka allura. Namu ko ɗaya babu. Garin nan da ya tsorata ni na bakin zarto ne, daga aljihun mai farar motar ya fito. Ƙarar kuwa ƙusoshi ne suka saki. Hita tana busar da katako ya ɗan tsuke, sai ya riƙa goga ƙusa ko ɗan uwansa. Ga kuma wani mai aikin famfo da ya taɓa yanka katakon a baya ya mayar da shi sakaka. Kafintan ya fara gano inda bututun ruwa da wayoyin wuta suka bi, domin a ƙarƙashin katakon suke, sannan ya ɗaure komai da sukuru. Ba don ɓarnar da waɗancan suka yi ba, aikin rabin yini ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, doka tana gefena ban sani ba. Yawancin cinikin da aka ƙulla a cikin gidanka da ya haura fam 42, dokar kare masu saye ta 2013 ta ba ka kwana 14 ka fasa, kuma dole mai aikin ya sanar da kai wannan haƙƙi a rubuce. Shi ya sa suke matsa maka lamba ka biya yau-yau. Da kuma da katin bashi na biya, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa banki alhaki a cinikin da ya wuce fam 100 har zuwa 30,000. Tsabar kuɗi kuwa, wa za ka kama? Ko ƙaramar kotun da ke sauraron ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba, sai kana da sunan mutum da adireshinsa na gaskiya.

Na kai ƙorafi Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, su ne ke miƙa irin wannan ga Trading Standards, hukumar da ke sa ido kan 'yan kasuwa. In kuna neman mai aiki, ku duba TrustMark, rajistar masu aikin da aka tantance wadda gwamnati ta amince da ita, ku kira biyu ko uku su yi muku farashi a rubuce, kuma in an ce azara ta ruɓe ku karɓi tocilar ku leƙa da idonku.

Jiya wata baiwar Allah a layinmu take gaya wa maman yara cewa mai farar mota ya buga mata ƙofa a watan jiya. Ita rufin gidanta ya ce zai rufto.