Catch a Fire a faifai biyu: abin da aka ɗauka a Kingston da abin da aka ɗora a Landan

A shekarar 2001 kamfanin Island da Tuff Gong suka sake fitar da Catch a Fire, kundin waƙoƙin rege da ƙungiyar Wailers ta Jamaika ta saki a watan Afrilun 1973, cikin bugun da suka kira Deluxe Edition. Faifan CD biyu ne a kwali ɗaya. Na farko yana ɗauke da waƙoƙi 11 na ɗaukar Jamaika, ba tare da kayan kiɗan da aka ƙara musu a Ingila ba. Na biyu shi ne kundin da duniya ta sani, mai waƙoƙi 9. Ke nan waƙoƙi tara za ka saya sau biyu, da ƙarin biyu da aka ajiye a gefe tun 1973. Wanda bukatarsa kawai ya kunna waƙa ya yi nishaɗi zai ga kamar an ci masa kuɗi. Amma ga mai buga kiɗa, ko yaron situdiyo da ke koyon haɗa sauti, ko mai son ya gane mene ne ainihin aikin furodusa, da wuya a samu darasi a fili kamar wannan, domin ga waƙar kafin a taɓa ta, ga ta kuma bayan an taɓa ta.

Asalin maganar kuɗi ne. A 1972 Bob Marley da Peter Tosh da Bunny Livingston, mawaƙan Wailers, sun tsinci kansu a Landan bayan tafiyar da suka yi tare da mawaƙin Amurka Johnny Nash ba ta haifar musu da komai ba. Suka je wurin Chris Blackwell, mai kamfanin Island, wanda ya tashi a Jamaika kuma bai daɗe da rabuwa da mawaƙin rege Jimmy Cliff ba. Ya ba su fam 4,000 su koma gida su ɗauko kundi. Mutanen kamfaninsa sun zaci ya yi asarar kuɗin ke nan. Sai ga shi an yi aikin a situdiyo uku na Kingston, babban birnin Jamaika, wato Dynamic Sound da Harry J da Randy's, da Aston Barrett a kan jitar bes, ƙanensa Carlton a kan ganguna, Rita Marley da Marcia Griffiths kuma suna taimakawa da amshi. A waƙar Concrete Jungle wani matashi ne ya riƙe bes ɗin, Robbie Shakespeare, wanda daga baya ya shahara tare da Sly Dunbar.

Tef ɗin Kingston mai layi takwas ne. Wannan adadi shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, don haka yana da kyau a tsaya a kansa. Layi takwas na nufin wurare takwas kacal da za a ajiye sauti daban-daban. Idan ganguna suka ci biyu ko uku, bes ɗaya, jita ɗaya, fiyano ko ogan ɗaya, muryar jagora ɗaya, 'yan amshi ɗaya, to wuri ya ƙare. Da Marley ya kai tef ɗin situdiyon Island da ke titin Basing a Landan, wani tsohon coci da aka mayar wurin ɗaukar sauti, abu na farko da injiniya Tony Platt ya yi shi ne kwafe layukan takwas zuwa tef mai layi 16, mai faɗin inci biyu. Nan take aka samu fili takwas na ɗori. Sai dai kwafar tef zuwa tef ba kamar kwafar fayil a kwamfuta ba ce. Kowane kwafi yana ƙara ɗan shuu a bayan sauti, yana kuma rage kaifin sama kaɗan. Wannan farashi ne da duk injiniyan wancan zamani ya san zai biya.

Mutum biyu ne suka cike mafi yawan sabon filin, dukansu Amurkawa. John Bundrick, wanda ake kira Rabbit, ɗan Texas ne kuma ya riga ya san Marley tun zamansu a Suwidin tare da Johnny Nash a 1971. Shi ya buga ogan da kilabinet, wani irin fiyano na lantarki, da kuma na'urar Moog mai ƙirƙirar sauti da lantarki. Wayne Perkins ɗan Alabama ne, ya gogu a situdiyon Muscle Shoals, kuma yana wani aikin ne daban a cikin ginin aka jawo shi. Bai taɓa buga rege ba. Matsalarsa ta farko ita ce bai san inda zai sa ƙafa ba, saboda a kiɗan Carlton Barrett, idan ana ƙirga bugu huɗu-huɗu, bugu na ɗaya a buɗe yake, babbar ganga da gefen ƙaramar suna faɗowa tare ne a bugu na uku, bes kuma yana rera tasa waƙar maimakon ya tsaya yana nuna hanya. Mai jita da ya tashi a kiɗan rok yana jiran bugu na ɗaya ne kullum. Da ya gano bakin zaren, sai ya buga doguwar jitar da ke tsakiyar Concrete Jungle, wadda ke ƙarewa da sauti ɗaya da aka bari yana ja yana kuka.

A wannan waƙa ya kamata mai saurare ya fara gwada faifan biyu. A na Jamaika muryoyin ukun ne a gaba. Tosh yana riƙe ƙasa, Bunny yana sama, Marley yana tsakiya, salon da suka koya tun suna yara a unguwar Trench Town ta Kingston a hannun mawaƙi Joe Higgs. Bes ɗin yana da nauyi, ba abin da ya tare shi. A na Landan waƙar tana buɗewa ne a hankali, jita da ogan da kilabinet suna laluben juna kafin ganguna su shigo, kuma an ɗan ja amshin baya don a ba sababbin kayan wuri. Ra'ayinmu a nan shi ne Landan ta yi nasara. Waƙar tana maganar ƙunci da rashin mafita a unguwar talakawa, kuma jitar Perkins ta ƙara mata tsoro, ba ado ba.

Stir It Up ita ce inda aka fi ganin hannun Blackwell. Tsohuwar waƙa ce, Wailers sun fara ɗaukarta tun 1967, Johnny Nash ma ya rera ta ta yi kasuwa. A faifan farko tsawonta minti uku da rabi ne da 'yan daƙiƙu, irin tsawon ƙaramin faifai na rediyo da gidan rawa. A na biyu ta kai minti biyar da rabi. Ba a sake kiran makaɗa sun buga ƙarin minti biyu ba. An kwafi wani yanki na kiɗan ne aka yanka tef da reza aka liƙa, sannan aka shimfiɗa Moog ɗin Bundrick da jitar Perkins a kan sabon filin. Aiki ne mai haɗari. Ana juya tef da hannu a kan na'ura har a ji farkon bugun ganga, a yi alama da fensir mai maiko, a yanka daidai wurin. Tef da ke gudun inci 15 a daƙiƙa ɗaya, kuskuren rabin inci ya isa kunne ya ji kiɗan ya yi tuntuɓe. Idan kuma farantin ƙarfe na mai ganguna ko ogan yana cikin ƙara lokacin da aka yanka, za a ji ya yanke kwatsam. Ka saurara da kyau a faifai na biyu, da wuya ka kama wurin ɗinkin.

Me ya sa aka tsawaita ta? Masu sayen kundin rok a Ingila da Amurka sun saba da waƙa mai tsawo da fili don kayan kiɗa su yi magana, kuma su ne Blackwell yake nema. A lokacin ana kallon rege a matsayin kiɗan ƙananan faifai masu arha. Dalilin da ya sa aka rage nauyin bes ma ke nan, baya ga dalili na sana'a: a faifan garmaho sautin ƙasa yana bukatar tsagi mai faɗi, idan ya yi yawa ko dai allura ta yi tsalle, ko a rage ƙarar faifan gaba ɗaya.

Ba ko'ina ɗorin ya yi amfani ba. A Baby We've Got a Date jitar zamiya da Perkins ya saka, wadda ake bugawa ana zame wani abu mai santsi a kan igiyoyinta, ta jawo waƙar zuwa kiɗan karkarar Amurka, kuma ta Jamaika ta fi ta daɗi da sauƙi. Waƙoƙin Tosh biyu, 400 Years da Stop That Train, sun fi ƙarfi idan ba a cika musu kaya ba, domin muryarsa mai kauri ba ta son cunkoso. Slave Driver, wadda daga cikin baitinta aka ciro sunan kundin, ba ta canza sosai ba. Babbar asarar 1973 ita ce cire High Tide or Low Tide, waƙa mai taushi da muryoyin ukun suka haɗu a cikinta fiye da ko'ina. Sai a 1992 ta fito a tarin Songs of Freedom. Ɗayar da aka cire, All Day All Night, ba a yi kuskure da aka bar ta ba.

Akwai masu cewa faifan farko shi ne na gaskiya, na biyu kuma Bature, wato Blackwell, ne ya gurɓata shi. Wannan bugu bai goyi bayan maganar ba. Marley yana cikin situdiyon Landan lokacin da ake ɗorin, kuma kilabinet da jitar rok ba su bar kiɗansa ba bayan haka, har ya ɗauko Al Anderson, wani Ba'amurke, ya zama mai jitarsa a 1974. Abin da yake gaskiya shi ne Tosh da Bunny ba sa wurin, kuma haɗin Landan ya fara tura Marley gaba yana mayar da su 'yan amshi. Kwalin farko sunan Wailers kawai yake ɗauke da shi. An yi shi da siffar ƙyastun Zippo mai murfi da ke buɗewa, guda 20,000, kuma saboda sai da hannu ake haɗa kowanne ya yi tsada aka daina. Kwalin da ya maye gurbinsa hoton Marley ne shi kaɗai, wanda Esther Anderson ta ɗauka, sunan kuma ya koma Bob Marley and the Wailers. Bunny ya ƙi zuwa rangadin Amurka na 1973, kafin ƙarshen 1974 shi da Tosh duk sun kama gabansu.

Yadda aka saurari faifan yana iya ɓata darasin gaba ɗaya. Sifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa, alhali igiyar bes mafi kauri tana sauka ƙasa sosai, har wajen 41 Hz a ma'aunin sauti. A waya za ka ji jitar Perkins tana walƙiya, ka yanke hukuncin cewa faifai na biyu ya fi, domin abin da ya sa na farko ya yi fice bai iso kunnenka ba sam. A nemi babbar sifika biyu, ko abin kunne mai rufe kunne duka. Ƙaramar sifikar Bluetooth mai baki ɗaya tana haɗe hagu da dama wuri guda, ta ɓoye inda aka ajiye kowane kayan kiɗa. Sannan a daidaita ƙarar faifan biyu kafin a gwada, saboda kunne kullum yana zaɓen wanda ya fi ƙara ko da bambancin kaɗan ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba waƙar ta kowane faifai a layi biyu cikin manhaja irin Audacity, a daidaita ƙarfin muryar Marley a duka biyun, a riƙa kashe ɗaya ana kunna ɗaya bayan kowane baiti. Kada a yi tsammanin za su tafi kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe, tun da an sauya tsarin wasu.

Jerin waƙoƙin ma ba ɗaya ba ne, kuma wannan aibi ne ga mai son gwadawa. Stir It Up ita ce ta biyu a faifan farko, ta shida a na biyu. Slave Driver ta biyu ce a na Landan, ta tara a na Jamaika. Dole mutum ya yi nasa jerin. Wanda ya karɓi waƙoƙin a wurin masu tura waƙa a kasuwar waya ya lura da wani abu: sunayen fayilolin iri ɗaya ne, sau da yawa ɗaya yana danne ɗaya idan aka zuba su a jaka guda, kuma akan matse su har shuu ɗin faranti ya koma kamar ruwa. Tsawon Stir It Up shi ne ma'auni mafi sauri na gane wanne ke hannunka.

Ɗan littafin da ke cikin kwalin bai kai zurfin da mai sana'a zai so ba. Wanda ke son bayani layi bayan layi sai ya haɗa da shirin bidiyo na Classic Albums da aka yi a kan wannan kundi, inda Blackwell da Platt suka zauna gaban teburin haɗa sauti suna ɗaga layi ɗaya suna sauke wani, Perkins da Bundrick kuma suna nuna abin da suka buga. A 2023 an sake wani bugu na cika shekara 50, wanda ƙarfinsa yake a wasan da ƙungiyar ta yi wa BBC a Paris Theatre na Landan a watan Mayun 1973. Wancan na mai son jin yadda Marley da Tosh da Bunny da 'yan Barrett biyu, tare da Earl Lindo a kan ogan, suka buga waƙoƙin a gaban jama'a ne. Mai neman aikin situdiyo, bugun 2001 zai nema, kuma idan na hannu za a saya, a duba cewa faifan biyu suna ciki kuma na farkon yana da waƙoƙi 11, don akwai wani bugun na faifai ɗaya na wannan shekarar da ya liƙa waƙoƙin biyu a ƙarshen kundin Landan kawai.